Baturen Ikko Mai Jan Alƙalami

Maki talatin da ɗaya Zailani ya samu a karon farko. A karo na biyu, bayan ya shekara yana yawo da littafi a hammata daga Kwarbai har Ƙofar Kibo don jama'a su shaida, sai ya samu ashirin da takwas. Makarantar koyon kasuwanci ta Kaduna kuwa sittin take nema, kuma sau uku kawai ake barin mutum ya zauna jarrabawar shiga.

Mahaifinsa, Alhaji Inuwa marini, bai yi faɗa ba. Ya ja shi marina a Kusfa, ya nuna masa wani ramin baba da babu mai aiki a kansa, ya ce, "In ka faɗi ta uku, wannan naka ne." Zailani ya dubi hannayen tsohon, shuɗi har gwiwar hannu, ya dubi nasa da yake wankewa da sabulun kanti.

A gida ya shaida wa matarsa Ummukulsum cewa masu duba takardu ne ke masa hassada. Ta ce, "Allah ya kyauta, Malam." Malam take ce masa tun ranar da aka kawo ta, yadda matan birni ke sakaya sunan miji don kunya, amma shi ya ɗauka iliminsa ne ya jawo masa. Ta yi makarantar 'yan mata a Kano kafin aure. Sau ɗaya ta leƙa lissafinsa ta buɗe baki, ya ce mata karatun mata ai saƙa ce da wanke kwano, ta je ta duba miya. Ta je ta duba miyar.

Ana nan sai Labaran, yayan Ummukulsum, mai aiki a jirgin ƙasa, ya zo da labari. Wai akwai wani tsohon Bature a Ikko, Mista Hamfari, ya bar koyarwa, yanzu gyara wa ɗalibai aiki yake yi kyauta. "Ka rubuta ka ba ni, in kai masa hannu da hannu," in ji Labaran. Jin an ce Bature, Zailani bai tambayi ko da abu ɗaya ba.

Takardar farko ta dawo jajawur da jar tawada, kamar an yanka kaza a kanta. A ƙasa an rubuta da Turanci, da manyan baƙaƙe: "Wanda ya raba wa mutum uku buhu goma sha biyu kowa ya tashi da talatin da shida, waliyyi ne, ba akawu ba. A sake." Da wani ɗan Kwarbai ne ya faɗa masa haka, da sai an raba su. Amma zagin Bature ne, saboda haka ya kai takardar majalisa ya karanta wa abokai, yana washe baki. Sannan ya koma ya sake lissafin.

Haka aka yi wata shida. Kwana uku amsa take yi ta dawo, alhali jirgin Ikko kansa bai isa ya je ya dawo a haka ba. Zailani ya ce aikin Bature ke nan, ba irin namu ba. Ran nan Mista Hamfari ya rubuto cewa aikin da ake yi bayan an cika ciki da rana ya fi na safe shirme, a riƙa yi da safe. Zailani ya riƙe baki. Ya ce wa matarsa, "Kin ga ilimi? Daga Ikko mutum yana ganin tuwon da na ci." Ya ƙara da cewa ita kuwa ko lalle ba ta iya ba, kullum yatsu biyu ne ja, sauran fes.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Duk tulin takardun nan, Baturen bai taɓa rubuta sunansa ba, sai dai "wannan ɗalibi" ko "mai takarda". Zailani ya yafe masa, don ya san Turawa da girman kai.

Ya zauna jarrabawa ta uku, sakamako ya fito: saba'in da huɗu. Alhaji Inuwa ya ba wani marini ramin baban. Zailani ya ɗinka farar riga, ya fara cewa dama shi ya san kansa. Saura sharaɗi ɗaya, makaranta na son takardar shaida daga malamin da ya shirya shi, cikin mako guda, in ba haka ba a ba wani gurbin. Ya aika Labaran da saƙo mai zafi: wannan karon dole a sa suna.

Shaidar ta iso ranar Laraba da hantsi. An yabi ƙwazon ɗalibi, an ce yana jin gyara matuƙar bai san daga inda gyaran ya fito ba. Inda suna zai zauna kuwa, fili aka bari fari tas.

Zailani ya tsaya a tsakar gida yana karkaɗa takardar, ramin baba ya fara dawo masa a ido. "Wannan wane irin wulaƙanci ne? Wata shida! Baturen da ya san komai, sunana ne ya gagare shi?"

Ummukulsum ta ajiye ludayi, ta goge jajayen yatsunta biyu a gefen zane, ta sunkuyar da kai.

"Ka cike da hannunka, Malam," ta ce. "Komai na iya rubuta maka, amma a gidanmu mace ba ta kama sunan miji, ko da alƙalami ne."