Ƙananan Haruffan Kawu

"Kawu, wannan shafi ne, ko tururuwa ce ta faɗa tawada ta bi ta kai?" 'yar ƙanwarsa ta ce, tana matse ido a kan shafin intanet na shagonsa a wayarsa. Wata uku ke nan da ta koyi tsara shafukan intanet, amma ji take babu na biyunta.

"Bar shi haka, ana ciniki," in ji Kawu.

"Ciniki? Tausayinka dai ake ji."

Ta ƙara girman haruffan, ta sa baƙi a kan fari, ta buɗe tsakanin layuka. Maɓallin saye kawai ta ƙyale, don shi da ma ƙato ne.

Bayan sati biyu ta shigo shagon tana jiran godiya. Ta tarar da Kawu ya yi tagumi a tsakiyar kwalaye, ko ɗaya bai fita ba.

"Sannu, likita," ya ce. "Da, duk wanda ya buɗe shafin nan sai ya ɗauka idonsa ne ya lalace, ya yi maza ya saya. Yanzu kin warkar da su kaf. To, wa zan sayar wa tabaran karatun?"