Tsayawar da Ke Cikin Rawa

Kai da kake bugun ƙirji kana cewa komai kai kaɗai ka yi, zauna ka ji wannan.

A wani gari na bakin teku can ƙasar Ajantina, zamanin da rawar tango ba ta shiga manyan zauruka ba, tana nan a tsakar gidajen haya na talakawa, an yi wani ɗan dako da matarsa mai wankau. Ita rawar ta mutum biyu ce, a riƙe juna a taka tare. Matar kuwa tana ɗingishi, ƙafarta ta hagu ba ta cika jin magana ba. In mai goge ya ja kiɗa da yamma suka fito, sai mijin ya ɗan taka ya tsaya cak, yana jiran ƙafar ta iso. In ta shirya sai ta matsa masa kafaɗa a hankali, su ci gaba. Maƙwabta suka ga tsayawar nan ta yi kyau, suka ɗauka gwaninta ce, masu lafiyayyun ƙafafu suka shiga kwaikwayo har ta zama salon unguwar. Gogan naka bai tona ba. Yabo ya yi ta sha, har shi ma ya yarda shi ya ƙirƙiro ta.

Kwanci tashi matar ta riga mu gidan gaskiya, aka rushe gidan hayar, furfura ta rufe kansa. Samarin da suka gaji rawar suka roƙe shi ya nuna musu ta asali kafin ta bi shi kabari. Ya yi murna, don duk duniya ba abin da ya rage masa na matarsa sai wannan rawa. Aka haɗa shi da yarinyar da ta fi kowa iya taku. Goge ya tashi, tsoho ya taka, ya tsaya cak yadda ya saba. Yarinya tana jiransa, shi yana jiranta. Kiɗa ya yi ta tafiya har ya ƙare suna tsaye, ba wanda ya taɓa masa kafaɗa. A nan ya gane tsayawar kawai ya iya, tashi daga ita kuwa na matarsa ne. Kewarta ta turnuƙe shi, ya saki hannun yarinyar ya nemi wuri ya zauna.

Ya ce, "Ku yi haƙuri, 'ya'yana. Rabi na kawo muku."

Shi ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.