Rigar da Inna Ta Wanke

Tun kafin a buɗe ƙofar kotun ɗaukaka ƙara Mai Wanki take zaune a kan benci, ita kaɗai, da jakarta a cinya. A shari'ar farko dangi sun cika benci biyu. Yau kuwa ko ƙeyar mutum ɗaya ba ta gani ba. Ƙanin mijinta marigayi ya ce aiki ya riƙe shi, yayarta ta ce ciwon ƙafa. Ba ta ga laifinsu ba. Wa yake so a nuna shi a ce ga dangin mai kisan kai?

Dogo ne ke tsare, ɗanta, shi kaɗai Allah ya ba ta. Da wanki da guga a wani shago bayan tasha ta kai shi kwaleji, hannuwanta duk sun tsage saboda sabulu.

Ranar da abin ya faru, da la'asar ne. Tana ninke kaya Dogo ya faɗo ɗaki, farar rigarsa jina-jina.

"Inna, sun kashe abokin ɗakina! Gardamar ƙwallo ce ta haɗa shi da wasu 'yan ajinmu biyu, ɗaya ya zaro wuƙa. Na shiga rabiya, na rungume shi, a hannuna ya cika. Da na ji an fara ihu sai na ruga. Bari in je in gaya wa 'yan sanda."

"'Yan sanda? Kanka ɗaya kuwa? Ai wanda ya kai labari shi ake fara kamawa. Cire rigar nan!"

Abu ne na sana'arta, ta san jini ba ya son ruwan zafi. Ta jiƙa rigar a ruwan sanyi da gishiri, ta cuɗe, ta ɗauraye, ta goge ta tas, ko ɗigo bai rage ba.

"Duk wanda ya tambaye ka, kana gida tun safe, zazzaɓi kake yi. Ni ce shaidarka."

"Inna, ƙarya ce fa."

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Dogo bai taɓa yi mata musu ba. Haka ya faɗa wa 'yan sanda, haka ita ma ta rantse a gaban alƙali. Ashe akwai kyamara a ƙofar ɗakunan kwanan ɗalibai. Sai ga Dogo a allo a gaban kotu yana gudu da jini a ƙirji. Yaran nan biyu kuwa, da suka ga sun samu wanda za su raba laifi da shi, suka ce, "Shi ya riƙe mana shi." Dogo ya dawo ya faɗi gaskiya yana kuka, amma wa zai yarda da wanda aka riga aka kama da ƙarya? Aka yi wa su ukun ɗaurin rai-da-rai.

Yanzu ga lauyar da ta ɗaukaka musu ƙara ta iso da baƙar rigarta a hannu. Mai Wanki ta miƙe da sauri.

"Ranki ya daɗe, yau zan tashi in gaya musu ni na sa shi."

"Mama, nan ba a kiran shaidu. Abin da aka faɗa a kotun farko shi alƙalai suke dubawa."

"To ga rigar, na zo da ita."

Ta zaro ta daga jaka, fara ƙal, a ninke. Lauya ta dubi rigar, ta girgiza kai.

"Da kin bar ta yadda take, da masana sun duba yadda jinin ya zauna, wataƙila su gane na wanda ya rungumi mai rauni ne. Yanzu riga ce kawai, Mama."

Alƙalai uku suka shigo. Ba a ma kawo Dogo ba. Na tsakiya ya yi ta karatu, ita ba ta gane rabin abin da yake faɗa, sai fuskar lauya take kallo. Amma ta ji inda ya ce wanda ya gudu, aka ɓatar da shaidar da ke jikinsa, ya kuma yi ƙarya a kan inda yake, babu dalilin da zai sa a rushe hukuncinsa. An kori ƙara. Lauya ta sunkuyar da kai. Mai Wanki ta waiwaya ko za ta ga wanda za ta riƙe, bencin babu kowa.

Ranar ziyara ta je gidan yari. Dogo ya fito ya tsaya bayan ragar waya, ya rame, har furfura ta fara fito masa.

"Inna, yaya aka yi?"

Ta kau da kai. Ya dube ta, ya gane. Bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. A hankali ya ce, "Inna, da kin bar ni na je."

Ta koma ɗakin da babu mai yi mata sannu da zuwa. Washegari ta tafi shago, aka tara mata fararen rigunan 'ya'yan mutane, ta zauna tana wankewa.

Iyaye, idan ɗanku ya faɗa cikin irin wannan masifa, kada tsoro ya sa ku ɓoye shaida ko ku koya masa ƙarya. Ku nemi lauya, a faɗi gaskiya tun ranar farko, domin ƙaryar da aka yi don a ceci yaro ita ce take rufe masa ƙofar fita.