Telan da Ya Haɗe Faifansa Biyu

Tunda ka ce ma'ajiyar kwamfutarka ta cika, kuma na ga idonka na kan faifan da ka keɓe don ko-ta-kwana, to dakata. Kada ka taɓa komai sai ka ji abin da ya sami wani tela. Har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi.

Telan nan ɗinkin kwamfuta yake yi, irin aikin da ake zubawa a wuyan riga da bakin aljihu. Jarinsa na gaske ba keken ba ne, zane-zanen ne. Waɗansu shi ya ƙirƙira, waɗansu na marigayi maigidansa ne, waɗanda ya kwafo daga tsofaffin riguna, zare bayan zare, shekara da shekaru. Saboda su mutane ke tsallake shagunan layin su zo wurinsa. Mutum ne mai son na'ura, bai yarda ya damƙa ajiyarsa a hannun wani kamfani ba. Ya kafa tasa a lungun shago: kwamfuta guda, ya yanka wata 'yar kwamfuta a cikinta kamar yadda ake yanka ɗaki a cikin gida, ita ce ma'ajiyar fayilolinsa. Faifan ajiya biyu ya sa. Ɗaya na aiki, ɗayan ba ya komai sai riƙe kwafin na farkon, don in wannan ya mutu wancan na nan. Har nan dai babu mai kushe masa.

Ana cikin azumi, ga yadudduka jibge, sai ma'ajiyar ta cika. Me ya cika ta? Wallahi ba zanen ba ne, zanen duka ba su fi cikin cokali ba. Bidiyon bukukuwan da aka turo masa ne, da finafinan da ya gama kallo tun bara, da wasannin ƙwallon da kowa ya san yadda aka tashi. Ya share? Ina! Duk wanda ya ɗora wa yatsa sai ya ce wata rana zai yi amfani. Ya sayo sabon faifai? Wai aiki ya yi masa yawa, ba shi da lokacin shiga kasuwa. Sai ya dubi faifai na biyu, ya ga wai yana zaune a banza yana cin wuta. Ya goge shi tas, ya haɗe shi da na farkon, suka zama rumbu guda mai faɗi. Na'urar da kanta sai da ta tambaye shi ko ya tabbata, ya danna mata amincewa ko karantawa bai yi ba. Ya wuni yana nuna wa maƙwabta yadda wuri ya ninka bai kashe ko sisi ba.

Abin da bai tsaya ya gane ba shi ne, daga ranar fayilolinsa a rabe suke tsakanin faifan biyu, kai a nan, ƙafa a can. Sallah ta matso, faifan farkon nan ya fara wata ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, daga nan ya yi shiru. Rumbun duka ya tafi, har da rabin da ke kan mai lafiyar. Ya juya neman kwafi, kwafin kuwa shi ya goge da hannunsa. Finafinan ya same su a wayar kowa. Zanen maigidansa kuwa babu inda zai samo su: rigunan da ya kwafa tuni sun zama tsumma, mai zanen yana kabari. Masu yadi suka riƙa zuwa suna karɓar kayansu babu ɗinki, suna shiga shagon da ke kallon nasa.

To, kai ma ga faifanka nan, ga yatsanka. In wuri kake so, share tarkace ko ka sayo sabo, ka bar na ko-ta-kwana ya yi zamansa. Kada a faɗa maka abin da aka faɗa wa telan nan: garin neman ƙiba an samo rama.