Buhu na Uku

Tun da teku ya fara cin Tsibirin Kwakwa, ba a barin baƙo ya sauka sai ya kawo ƙasar gidansu a yi ciko. Buhu ɗaya, kwana ɗaya. Ni kuwa na yi wa autata Hansatu alkawarin kwana uku a bakin ruwa in ta sauke Alƙur'ani. Ga shi ta sauke.

Mun kankare tsakar gida kaf, buhu biyu muka samu. Sai na ga maigidan ya nufi bayan ɗaki da shebur.

"Malam, nan fa ka binne cibiyarta!"

Ya tsaya cak. Hansatu ta ce, "Inna, kwana biyun ma sun isa."

Na karɓe shebur ɗin, na yi bisimilla. "Riƙe bakin buhun, 'yar nan. Cibiyar taki ma ta je ta ga teku."