Farin Ruwan da Ke Firij

"Wace irin ɗaliba ce ke ɓatar da aikinta ana gobe gwaji?" Farfesa Pyo ya daka wa Narae tsawa, yana kurɓar shayinsa mai madara.

Narae ta sake leƙa firij. Kwalbarta ta yi ɓatan dabo. Farin ruwa ne a ciki kamar madara, ɗauke da ƙwayoyin jel da ba sa sakin maganin ciwon daji sai sun ji tsami. Sa'ar dai wannan karon shuni ta ɗura musu maimakon magani.

"Sakarci kawai!" Farfesa ya jefa kimci, wato kabejin Koriya mai tsami, a baki, ya ci gaba da zazzaga faɗa.

Harshensa ya koma shuɗi. Haƙora suka bi. Ashe farin ruwan nan ne ya zuba a shayinsa.

Narae ta buga tsalle. "Farfesa, ya yi aiki! Don Allah kar ka rufe bakin nan, bari in ɗauko kyamara!"