Layin Da Ya Gagari Injiniya

"Inna, zo ki duba min, wannan layin ya taɓa wancan?"

Ni da ko bihim ban sani ba! Ɗana injiniya ne, shi ke duba zanen wayoyin ƙwaƙwalwar na'ura kafin a ƙera. In layi ɗaya ya kuɓuce masa, na'ura ta ƙone, aikinsa ya tafi.

Na ce, "Yau kuma ni aka ɗauka aiki? Bai taɓa ba."

Ya yi dariya, hancinsa na gogar takardar. Ga rana tsaka, ga fitila a kunne.

Na koma ɗaki. Haka babansa tela ya fara: "Zo ki zura min zaren nan." Shekara ba ta zagayo ba nake ja masa sanda.